Yawon shan kofi da cin kayan fulawa a Kano cikin wuni ɗaya: ta ina za mu fara?

Ummu Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne za mu shigo Kano daga Zariya ranar Asabar, sammako za mu yi mu koma da yamma. Nufinmu mu zaga wuraren shan kofi kamar guda shida, mu ɗanɗana kofinsu da kayan fulawarsu. Wace unguwa ya kamata mu fara da ita, me za mu yi oda a kowane wuri, kuma ta yaya ake gane wurin da ya iya kofi tun kafin a biya kuɗi? Ɗaya daga cikinmu tana da juna biyu.

Mai Injin Kofi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shida sun yi yawa, ku mayar da su uku. Ƙaramin kofin esfireso guda, wato baƙin kofi mai ƙarfi da inji ke matsowa, mai mililita 25 zuwa 30, yana ɗauke da sinadarin kafeyin wajen miligiram 60 zuwa 65, kuma wurare da dama esfireso biyu suke zubawa a kafucino ko latte, wato kofi mai madara, ba tare da sun faɗa ba. Iyakar da likitoci ke ba babba mai lafiya a wuni ita ce miligiram 400, mai juna biyu kuwa 200. Kin ga kofi shida masu ninki biyu sun haura 700, ƙarshenta bugun zuciya da rawar hannu, ga rashin barci. Ita mai cikin ta tsaya a kofi ɗaya, ta ce a zuba mata esfireso guda, sauran wuraren ta sha koko ko lemo. Baƙin shayi ma yana da kafeyin, kada ta ɗauka ta tsira da shi. Kofin ƙarshe kada ya wuce la'asar, domin sai bayan awa biyar rabin sinadarin ke barin jiki.

Gane wurin da ya iya kuwa, da ido da kunne ake yi. Ku duba ko akwai injin niƙa kusa da injin kofin, kuma ko ana jin ƙararsa bayan an karɓi oda. In ba a niƙa a gabanku ba, garin ya jima a buɗe, ƙamshinsa ya tafi. Wani wurin ma Nescafé ake kaɗawa a ɗora kumfa a kira shi kafucino. Nescafé ba laifi ba ne, amma wurin mai shayi ya fi araha. Ku tambayi ranar da aka gasa 'ya'yan kofin: daga mako biyu zuwa shida shi ne daidai, wanda ya yi wata shida ya zama kamar toka. Ku tambayi asalinsa ma. Yawanci na Habasha ne ko Kenya ko Brazil, amma a tsaunin Mambila ta jihar Taraba ana noman irin arabika, in kun dace da shi ku gwada.

Esfireso mai kyau daƙiƙa 25 zuwa 30 yake ɗauka yana zuba, giram 18 na gari ya ba da wajen giram 36 na ruwan kofi. In ya zubo da gudu cikin daƙiƙa goma, niƙan bai yi laushi ba, tsami za ku ji. In yana ɗiga da ƙyar, niƙan ya yi laushi fiye da kima, sai ɗaci da ƙauri. Madara kuma kada zafinta ya wuce digiri 65. Wadda ta ƙona harshe an kashe mata zaƙi, kumfarta ta zama manyan ƙwayoyi irin na sabulu. Dabara: a kowane wuri ku sayi esfireso ɗaya ku ɗanɗana ku huɗu, shi ne ba ya ɓoye aibu.

Baban Sadik:
Hajiya, kafin komai ki duba kalanda. In Asabar ɗin ƙarshen wata ce, akwai tsaftar muhalli, ana hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, sai ku yi zaman jira a bakin gari.

Tun da ta titin Zariya za ku shigo, za ku wuce Na'ibawa ku iso gadar Dangi. Titin Zoo yana nan kusa, inda Ado Bayero Mall yake, amma ni ba zan fara da can ba. Ku zarce Nassarawa GRA, wajen Audu Bako Way da Lamido Crescent da titin Sultan, nan ne irin waɗannan wurare suka fi taruwa, ga inuwar bishiyoyi ga wurin ajiye mota. Na biyu ku yi shi a Bompai, ku yi azahar a can. Titin Zoo ku bar shi na ƙarshe, yana kan hanyarku ta komawa. Ku kauce wa Bata da Kantin Kwari da tsakar rana, cunkoson nan yana cin awa guda.

In ba da mota kuka zo ba, acaba an hana shi a cikin birni tun 2013, adaidaita sahu ce abin hawa. Ku ɗauki shata, ku gama ciniki kafin ku hau. Lambar wayar kowane wuri ku nemo ta a Instagram ku kira ranar Juma'a, domin lokacin buɗewa da ke kan Google Maps ba kullum yake daidai ba. Ku riƙe tsabar kuɗi kaɗan saboda POS da taransifa suna yin gardama, kuma ku tambaya ko farashin da aka rubuta ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5.

Anti Mai Gireba:
Ƙanwata, kayan fulawa da safe ake cinsu, shi ya sa wurin farko ya kamata ya zama wanda yake gashi da kansa. Ki tambaya kai tsaye: yau aka gasa? Kurwasan, wato burodin nan na Turawa mai bota da ninki-ninki, shi ne ma'aunin mai gashi a garin nan. Ana ninka ƙullun da bota ne sau uku, ana mayar da shi firji tsakanin kowane ninki, bota kuwa tana narkewa da zafi ya kai digiri 32 zuwa 35. A bazara, Maris zuwa Mayu, da Kano ke haura 40, in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki botar ta shige cikin ƙullu, abin ya fito kamar burodi. Ki raba shi biyu: cikinsa ya zama ramuka kamar saƙar zuma, bayansa ya rinƙa zuba. In kin ji wani maiƙo ya manne miki a ganɗa, man margarin aka sa. Da a ce da hunturu za ku zo, da kun fi morewa.

Kayan fulawa mai kirim da mitfai kuwa, ku yi hattara da su. Ki taɓa gilashin akwatin da aka jera su, in ba sanyi ki haƙura. Abin da ke da kirim ko nama bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, cikin tsananin zafi ma awa ɗaya, balle ga mai ciki.

Kuma don Allah kada ku zo Kano ku ci na Turawa kawai. Gireba da baƙin kofi sun dace ƙwarai, haka alkaki da dubulan, zaƙinsu yana kashe ɗacin ba sai an sa sukari ba. Su ne ma tsarabar da ke jure hanya. Bakilawa kuma wurin Kwarori aka fi iya ta.

Dan Fagge:
Ni dai Baban Sadik ya bar cikin gari a baya, ban yarda ba. Abincin rana ku ci gurasa bandashe, ta Jakara ce ta yi suna, da ƙuli da albasa da tumatir. Ciki ba zai ɗauki zaƙi tun safe har yamma ba. In kun samu mai gahawa da citta da kanumfari, a ƙaramin finjali da dabino, ku ƙirga shi cikin ukun nan.

Ummu Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, kurwasan ɗin zai kai Zariya kuwa?

Anti Mai Gireba:
Zai kai, amma a jakar takarda, ban da leda, gumi ke sa shi laushi. Ki ajiye shi nesa da tagar mota. Da kin isa ki saka shi a oben mai digiri 180 na minti biyar, ko a busasshiyar tukunya mai murfi kan wuta kaɗan.