Neman Hausar "micronation": ƙasar da mutum ya ƙirƙira, ya naɗa wa kansa rawaninta

Jama'a, salamu alaikum. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta dandali mu raɗa mata suna tare. Kalmar ita ce micronation. Ina cikin fassara wani ɗan labari kan wani tsibiri can ƙuryar arewacin duniya na yi karo da ita. Na rubuta "ƙaramar ƙasa", na karanta, na goge.

Ku ji labarin tukuna, don mu san jaririn da za mu yanka wa rago.

A 2004 wani mai fasaha ɗan Ingila, Alex Hartley, ya bi wata tawaga zuwa Svalbard, tarin tsibiran nan na Norway da ke cikin tekun Aktik. Wuri ne da rana kan faɗi a ƙarshen Oktoba, ba ta sake leƙowa sai Fabrairu. A can ya tarar ƙanƙarar da ta shekara aru-aru a daskare ta narke ta ja da baya, ta bar wani ɗan tsibiri a fili, bai wuce girman filin ƙwallo ba, kuma babu shi a taswira. Ya taka shi, ya sa masa suna Nymark. Sai dai yarjejeniyar 1920 ta riga ta damƙa wa Norway ikon Svalbard baki ɗaya, don haka tsibirin ya fito daga ƙanƙara ne da mai shi. Mutanen Norway ma nasu sunan suka sa masa, Nyskjæret.

Mutumin bai haƙura ba. A 2011 ya koma da jama'arsa, ya nemi izinin gwamnan Svalbard, ya kwashi duwatsu da tsakuwar tsibirin ya loda a jirgin ruwa. Da suka fita ruwan Norway suka shiga tekun da ba na kowa ba, a watan Satumba, sai suka yi shelar cewa abin da suka ɗauko sabuwar ƙasa ce mai suna Nowhereisland, kamar ka ce tsibirin da ba a ko'ina yake ba. A 2012, shekarar wasannin Olamfik na Landan, aka jibge duwatsun a kan wani faffaɗan kwale-kwale, jirgi na jan sa a gaɓar Ingila daga Weymouth har Bristol, gari-gari ana fitowa tarbarsa. Sama da mutum 23,000 daga ƙasashe 135 suka yi rajista ta intanet a matsayin 'yan ƙasa, su ne ma suka riƙa jefa shawarwarin kundin tsarin mulkinta. Fam 500,000 na kuɗin jama'a aikin ya ci, kuma an sha cacar baki a jaridun Ingila a kan haka. Da tafiya ta ƙare aka farfasa ƙasar, aka aika wa 'yan ƙasa gutsure-gutsurenta.

To, wannan fa me za mu kira ta da Hausa?

"Ƙaramar ƙasa" ta faɗi tun a zagayen farko, haka ma ƙanwarta "mitsitsiyar ƙasa". Waɗannan sunaye suna da masu su. Fadar Vatican ba ta kai rabin murabba'in kilomita ba, amma tana da jakadu a faɗin duniya. Monako, San Marino, Nauru, Tubalu, duk ƙanana ne, kuma kowace da kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Turawan ma kalma daban suke da ita ga irin waɗannan. Gaban kalmar micronation, wato micro mai nufin ƙarami, shi ne ke yaudararmu, muke zaton maganar girma ake yi. Akwai wata mai suna Westarctica da wani Ba'amurke ya ayyana a 2001 a ƙanƙarar kudancin duniya, filin da take iƙirari ya fi Nijeriya faɗi nesa ba kusa ba, kuma duk da haka a wannan layin ake sa ta.

Na so in yi irin Hausar nan ta ninki, kamar yadda muke cewa ja-ja ko baƙi-baƙi ga abin da bai kai ba. Sai na ji "ƙasa-ƙasa" a kunnena, na yi dariya ni kaɗai. Wannan ai murya ce.

Cikin waɗanda na fara tuntuɓa, wani ɗan'uwa ya rubuto cewa me ya yi zafi, a ce "ƙasar bogi" ko "ƙasar jabu" a wuce wurin. Malam, na gode, amma ban yarda ba. Jabu don cuta ake yin sa, yana sajewa da na gaske ne don kada a gane. Hartley kuwa da rana tsaka ya yi abinsa, har da izinin hukuma. Dubi kuma Sealand, uwar ɗakin irin waɗannan ƙasashe: wani dandamalin ƙarfe da kankare ne da sojan Birtaniya suka kafa a teku lokacin yaƙin duniya na biyu, kimanin kilomita 12 daga gaɓar Suffolk ta Ingila, wanda Roy Bates ya haye ya ayyana shi ƙasa a 1967. Suna da tuta, da kan sarki na wasiƙa, da kuɗi, da fasfo. Da 'yan damfara suka shiga buga fasfo ɗin suna sayarwa, a 1997 iyalin Bates suka soke su duka. Ka ga ke nan an yi jabun takardun Sealand. In mun kira ita kanta jabu, me za mu kira waɗancan, jabun jabu?

"Ƙasar jeka-na-yi-ka" ta fi daɗi a baki, kuma ita ce mutane suka fi kawowa. Amma ku saurari kalmar da kyau: je ka, na yi ka. Akwai mai yi, akwai wanda aka yi. Gwamnatin jeka-na-yi-ka wani babba ne ya ɗora ta yana juya ta daga bayan fage. A nan kuwa matsalar ita ce babu wanda ya yi su. Su suka yi kansu.

Wata Hajiya ta ce "ƙasar wasa" ko "ƙasar tashe". Ranki ya daɗe, ta dace da wasu. Ba'amurken nan da ya je Bir Tawil a 2014, filin hamadar da ke tsakanin Masar da Sudan wanda kowaccensu ta ce ba nata ba ne, ya kafa tuta don 'yarsa ta zama gimbiya, shi kam tashe ya yi. Amma mutanen Liberland, masu iƙirarin wani fili mai murabba'in kilomita 7 a bakin kogin Danube, tsakanin Kuroshiya da Sabiya, tun 2015, da gaske suke, 'yan sandan Kuroshiya sun sha kama su. Kuma ko a tashen ma, Nalako sarkin gwagwaren Kano fada ta san da zamansa.

"Ƙwarya-ƙwaryar ƙasa" na ajiye ta gefe da baƙin ciki. Ƙwarya-ƙwaryar abu ƙarami ne na gaske, ba wanda ake musun kasancewarsa ba.

Maganar Nalako ce ta buɗe mini hanya. A wurinmu sarauta ba a ɗaukar ta, ba da ita ake yi. A Kano sai Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Maituta sun zauna, a naɗa, a ba da sanda, hakimai su zo mubaya'a. Ko Sarkin Pawa sai an kira shi fada. Wanda ya shiga kasuwa ya sayi rawani, ya tsaya gaban madubi ya naɗa, ya fito yana ɗaga wa mutane hannu, ba mu ce masa ɓarawo, ba mu kuma faɗuwa mu yi gaisuwa. Cewa muke yi ya naɗa kansa. Yarjejeniyar Montebidiyo ta 1933 ta lissafa abin da ke sa ƙasa ta zama ƙasa: mazauna na dindindin, yanki sananne, gwamnati, da iya hulɗa da sauran ƙasashe. A na ƙarshen nan duk suke tuntuɓe, domin hulɗa sai da wanda ya amsa sallama.

Don haka ga tawa: ƙasar naɗin-kai. Jam'i, ƙasashen naɗin-kai.

Na gwada ta a jimla, kamar mai karanta labaran rana: "Hukumomin Norway sun ce ba su san da zaman wata ƙasar naɗin-kai a Svalbard ba." Ta zauna. "Sealand, ƙasar naɗin-kai da ke sayar da sarautu ta intanet." Nan ma ta zauna, har da ɗan murmushi a ciki, ba tare da zagi ba. Mai sauraro a ƙauye ba ya buƙatar a buɗe masa baka.

Wani malamin tarihi ya ja ni, kuma jan nasa da ƙarfi. Ya ce ai Amurka ma a 1776 kanta ta naɗa. Gaskiya ne, Malam. Amma a 1778 Faransa ta ƙulla yarjejeniya da ita, daga baya Birtaniyar da ta ɓalle daga gare ta ma ta sallama a 1783. Mubaya'a ta biyo bayan rawani. Inda hujjarka ta kama ni shi ne irin Somaliland, wadda ta ɓalle daga Somaliya, tun 1991 take riƙe da kanta, da miliyoyin jama'a, da soja, da kuɗinta, da zaɓe. Ita ba zan sa ta layi ɗaya da tulin tsakuwa a kan kwale-kwale ba. A bar mata "yankin da ya ɓalle" da 'yan jarida suka saba. Naɗin-kai na wanda ba shi da talakawan da ke kwana a ƙasarsa ne, sai tuta da shafin intanet.

Na sa ta a fassarar, na tura. Wanda ya zo da wadda ta fi ta, zan canza. Saura kuma wata da na kauce wa a sama da dogon bayani: ita wannan ƙanƙarar da ke malala a hankali daga kan tsauni kamar kogi, wadda narkewarta ta tono tsibirin Hartley. "Kogin ƙanƙara" na rubuta da fensir. Mutanen Damagaram da Sakkwato, me kuka ce?