Wace kalma za mu sa wa "cross feed" na injin sassaƙar ƙarfe?

Jama'a, ina rubuta bayanin yadda ake ɗora injin lantarki mai tura wuƙa a kan ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, irin ƙananan nan na kan tebur da ake kira 7x12 da 7x14, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "cross feed". Ga inda na kwana, mai gyara ya gyara.

Wuƙar injin hanya biyu take bi. Ko ta bi tsawon ƙarfen da ke juyawa tana rage masa kauri, ko ta nufo shi daga gefe zuwa cibiya, kamar lokacin da ake daidaita fuskarsa ko ake datse shi. Ta biyun ce muke nema wa suna. Yawancin ƙananan injinan nan suna iya tura wuƙa ta tsawo da kansu, amma ta gefen sai da hannu, kana murɗa mariƙi. Hannu kuwa ba ya tafiya bai ɗaya. Duk inda ka ɗan dakata don sake kamu, sai wuƙar ta bar zobe a fuskar ƙarfen. Dalilin ɗora injin lantarkin ke nan.

Wani ya ce mini "ciyarwa", tunda "feed" ke nan. Ban karɓa ba. Wa ake ciyarwa? Wanda ya ji zai ɗauka ƙarfe ake ɗura wa injin, alhali ƙarfen yana nan inda aka ɗaure shi, wuƙa ce ke matsawa.

"Ci" ya fi jan hankalina, na ma kwana biyu a kansa, don mukan ce wuƙa tana ci, ko ta daina ci. Sai dai ci ya fi dacewa da zurfin da wuƙa ke shiga a kowane zuwa, kuma wannan wani ma'auni ne daban. In muka ba wa abu biyu suna ɗaya, ranar da za a ce "rage ci" ba a san wanne za a taɓa ba. Na bar wa zurfi "ci", na ɗauki "turi" don matsawar. Ɓangaren "cross" bai ba ni wahala ba, muna da gicciye.

Saboda haka: turin gicciye, abokinsa kuma turin tsawo.

Wurin "motorised", wato turin da injin lantarki ke yi, a nan ne na yi dariya. Na fara rubuta "turin gicciye mai mota", da na sake karantawa sai na ga kamar ina nufin wani mai abin hawa. "Mai sarrafa kansa" kuma ya yi masa yawa, domin ba ya sanin inda zai tsaya sai ka kashe shi, ko ka sa masa makunni a ƙarshen hanya. Na tsaya a kan turin lantarki da turin hannu. Dole a riƙe sunayen biyu, don aikin kirki yakan bar kuloci ko wata hanyar sakin bel ɗin injin lantarkin, yadda za ka koma hannu in za ka auna.

Na gwada su a jimla don in ji ko za su zauna a baki: "Injin lantarki mai juyawa taku-taku, taku 200 a zagaye ɗaya, in an haɗa shi kai tsaye da sukurun tura wuƙa mai tafiyar milimita 1 a kowane juyi, turin gicciyensa milimita 0.005 ne a taku guda, kaurin ƙarfen kuwa ninki biyun haka yake raguwa." Ban ji tuntuɓe ba.

Saura "backlash", wato ɗan juyin banzan da mariƙi ke yi kafin wuƙa ta motsa idan ka sauya hanya. Ina tunanin "sako-sako", amma ina jin kamar siffa ce, ba suna ba. Malamai masu aikin da hannunsu, ku me kuke ce masa?