Kwamfutata ba ta tashi da kanta idan an dawo da wuta

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana kwamfuta, don Allah ku taimaka min.

Ina da kwamfutar tebur a shago, ita ke adana hotunan kyamarorin tsaro dare da rana. So nake idan an ɗauke wuta cikin dare aka dawo da ita, ta tashi da kanta ba sai na zo na danna maɓalli ba.

Na shiga BIOS, wato saitin da kwamfuta ke bi kafin Windows ta buɗe, na mayar da Restore on AC Power Loss zuwa Power On, na kuma sa sabon batirin CR2032 don kada saitin ya goge. Idan na zare wayar daga soket na mayar, nan take take tashi.

Matsalar tana wajen UPS, na'urar batirin da ke riƙe wa kwamfutar wuta idan an ɗauke. Na haɗa shi da kwamfutar ta USB, idan cajinsa ya yi ƙasa sai ya sa Windows ta kashe kanta lafiya lau. Daga nan ko an kawo wuta, shiru, sai na tarar da ita a kashe da safe, daren nan babu hoto ko ɗaya. Zargina shi ne UPS ɗin bai mutu gaba ɗaya ba, don haka kwamfutar ba ta ma san wuta ta yanke ba, balle ta san ta dawo.

Akwai hanyar sa UPS ya yanke wutarsa bayan kwamfutar ta mutu? Ko in sa mata RTC Alarm ta riƙa tashi a ƙayyadadden lokaci? Ba na son cire UPS ɗin, ina tsoron lalacewar hard disk, ma'ajiyar hotunan. Na gode.