Neman shawara kan renon kwikwiyo

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na samu kwikwiyo ɗan wata 2 domin gadin gonata a bayan garin Daura, kuma ban taɓa kiwon kare ba. Da me zan fara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kai shi wurin likitan dabbobi a ba shi maganin tsutsar ciki, sannan idan ya cika wata 3 a yi masa rigakafin haukan kare, domin cutar kisa take yi da zarar alamunta sun bayyana.

Amsa ta biyu: Kada ka doke shi, ɗan'uwa, tsoro kawai duka yake koya masa. Ka riƙa kiran sunansa lokacin ba shi abinci, zai saba da muryarka.

Amsa ta uku: Ka nisanta shi da albasa, tana lalata masa jini.