Neman kalma: me za mu kira "garage rock" da "oldies" a shirin rediyo?

'Yar Rediyo: Assalamu alaikum. Agaji nake nema cikin gaggawa. Tasharmu ta ba ni fili na awa guda a daren Asabar don tsofaffin waƙoƙin ƙasashen waje, kuma ranar Alhamis da azahar zan miƙa sunan shirin da rubutun gabatarwa don a naɗi talla. Kalmomi biyu suka tsaya mini a wuya. Ta farko "oldies", waƙoƙin da suka yi tashe daga shekarun 1950 zuwa farkon 1970, waɗanda wasu gidajen rediyon Amurka ba su da aiki sai maimaita su. Ta biyu "garage rock", shi ne rabin farko na shirin. Kiɗa ne na samarin Amurka da Kanada, galibi tsakanin 1963 da 1968, yara 'yan sakandare da ke haɗa jita da ganga suna gwaji a ɗakin ajiye motar gidansu. Masu saurarona direbobi ne da masu shayi da tsofaffin ma'aikata. Ina son kiɗan nan ƙwarai, so nake da na faɗi sunansa sau ɗaya su san abin da ke tafe.

Mai Fassara: Wa'alaikumus salam. Ta farko, "waƙoƙin da" ko "tuna baya". Ta biyu, "kiɗan gareji". Kalmar gareji ta daɗe da zama tamu.

Bakanike: A'a yallaɓai, kar ku ja mu ciki. Duk wanda ya ji gareji a garin nan, wurin gyaran mota zai kawo a ransa, da baƙin mai da ƙarar guduma. Za a ɗauka waƙar kanikawa za ta sa. Na Amurka ɗaki ne manne da gida, mai ƙofa ɗaya babba, maigida na kwanar da motarsa a ciki. Ba abu ɗaya ba ne.

Ɗan Damagaram: Mu ma a nan haka ne. Daga Faransanci muka samo tamu, kuma wurin gyara take nufi. Ban goyi bayan gareji ba.

Baba Mai Faifai: 'Yata, ta farkon ba ta da wahala. Wani mai gabatar da shiri a Los Angeles, Art Laboe, ya tattara waƙoƙin da yayinsu ya wuce a faifai guda a 1959, ya sa masa suna "Oldies But Goodies", nufinsa sun tsufa amma daɗinsu na nan. Daga nan sunan ya bazu, zuwa 1972 manyan tashoshi irin WCBS-FM ta New York suka koma irin wannan kiɗa zalla. To Bahaushe ya riga shi faɗa: da tsohuwar zuma ake magani. Ki sa wa shirin "Tsohuwar Zuma". A cikin bayani kuma ki ce waƙoƙin yayi na da.

'Yar Rediyo: Baba, Allah ya saka da alheri. Tsohuwar Zuma ta zauna daram, na ma rubuta. Saura ɗayar.

Tsohon Malamin Hausa: Na jima ina karanta ku. Zumar na yarda da ita. Ɗayar kuwa kun ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa, kuna bin kalmar Bature harafi-harafi. A duba aikin da ɗakin yake yi. Wuri ne a bakin gida, ba cikin gida sosai ba, ba kuma kan titi ba, inda samari ke taruwa su yi hayaniyarsu ba tare da sun dami iyaye mata ba. Wannan ai soro ne. Sunansa "kiɗan soro". Gajere ne, ba baƙuwar kalma ko ɗaya a ciki, yaro da babba kowa ya san soro. Na ba ku shi kyauta.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, kowa a Kano dai. Wurare da yawa mashigar gida zaure ake ce mata, soro kuwa ɗakin ƙasa ne mai rufin azara.

Tsohon Malamin Hausa: Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta. Ba ni na tsara haka ba.

Ɗan Damagaram: Aka gina rubutu, Malam. Rediyo kunne yake shiga, kuma iska ba ta tsayawa a Jibiya a duba mata takardu.

Mai Fassara: Ni matsalata da soro ba ta kari ba ce. Soro wuri ne na mutunci, nan maigida ke karɓar baƙi, nan ake karatun allo a gidaje da dama. Wanda ya ji "kiɗan soro" zai sa ran gurmi ko garaya a hankali bayan isha'i. Sai ta saki faifan The Sonics na garin Tacoma, mawaƙi na kururuwa kamar maƙogwaro zai tsage. Sunan ya yaudari mai sauraro ke nan.

Ɗalibi: Na sa a manhajar fassara ta ba ni "dutsen gareji". Ko a ce kiɗan dutse?

Mai Fassara: Ƙanena, babu dutse a maganar. Kalmar daga "rock and roll" take, ma'anarta rausaya da jijjiga jiki. Sunan nau'in kiɗa ne, a bar shi "rok" yadda muka bar "disko" da "rege".

Tsohon Malamin Hausa: Nan ne muka rabu. Kullum "a bar shi". Da magabatanmu haka suka yi da ba mu da harshe yau. Sun ga abu zagaye yana juyawa a kan garmaho, suka tuna faifan da mata ke saƙawa da kaba, suka ce faifai. Sun ga abin da ke tashi sama da mutane, suka ɗauko jirgin da suka sani a kogi, suka ce jirgin sama. Wannan shi ne amincewa da kai. Ku kuwa an ba ku boko, abin da kuka iya shi ne cire harafi ɗaya daga kalmar Bature ku ce kun fassara.

Mai Fassara: Malam, a cikin jimlar taka akwai garmaho. Waɗanda suka ce faifai su ne suka aro garmaho da rediyo da mota, ba su ji kunya ba. Inda suka sami abin da ya yi kama sosai suka faɗaɗa tasu kalmar, inda babu suka ara. Ka buɗe ƙamusun Hausa na Bargery na 1934, aron Larabci kaɗai ya ishe ka hujja.

Tsohon Malamin Hausa: Larabci da addini da ilimi ya zo. Kar ka haɗa shi da hayaniyar yaran Amurka. Kuma tunda an taɓo, bari in faɗi abin da ke raina. Awa guda cur a tashar Hausa don kiɗan da ko masu shi sun manta da shi. Shata ya rasu 1999, Ɗanƙwairo 1991, Ɗan Maraya Jos 2015. Yaranmu nawa ne za su iya kawo baiti biyar nasu? Idan tsohuwar zuma ake nema, ga ta nan a gida.

'Yar Rediyo: Malam, da girmanka, tasharmu na da filin makaɗan gargajiya kuma ni ma ina cikin masu haɗa shi. Wannan fili dabam ne. Don Allah a taimaka mini da kalma, lokaci na tafiya.

Baba Mai Faifai: Malam, ni da kai kusan sa'o'i ne, bari in amsa maka. Akwatin da nake ajiye kaset ɗin Shata, nan ƙananan faya-fayan nan masu juyi 45 suke, waƙa ɗaya a kowane gefe, yawanci ba ta kai minti uku ba. Kunne ɗaya ne ya ji duka, ɗaya bai kore ɗaya ba. Masu shi kuma ba su manta ba, tun 2002 makaɗin Amurka Steven Van Zandt ke da shirin rediyo na musamman a kan irin wannan kiɗa.

Abin da ya kamata sunan ya ɗauka shi ne su wane ne suka yi shi. A ranar 9 ga Fabrairu 1964 mawaƙan Ingila The Beatles suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, mutum wajen miliyan 73 suka kalla. Bayan nan yara a ƙananan garuruwa suka dinga sayen jita mai araha, ba malami, ba kamfani, salon kaɗawa uku ko huɗu kawai suka iya. Wasu sun riga haka ma. Ku saurari "Louie Louie" da The Kingsmen suka naɗa a Portland a 1963. Bayan mai jita ya gama nasa, mawaƙin ya shigo kafin lokacinsa, ya farga ya yi shiru, mai ganga ya cike gurbin da 'yan bugu, sannan ya sake shigowa. Haka aka bar shi a faifan, haka ya kai matsayi na 2 a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard. Muryar ta cakuɗe har iyaye suka yi zargin akwai batsa a ciki, hukumar FBI ta yi bincike ta ƙare da cewa ba a gane abin da yake faɗa. Duk lokacin da na zo wurin nan na kuskuren sai na ji daɗi ya kama ni, domin ina jin yara biyar a ɗaki guda suna riƙe juna kar waƙar ta faɗi. Ɗakin mota ko soro, duk ba shi ne zancen ba.

Bakanike: To Baba, a ce "ɗanyen kiɗa" mana.

Mai Fassara: Ma'anar ta yi, amma ɗanye na da nauyi a bakin mutane. In an ce wane ya yi ɗanyen aiki ba yabo ba ne. Me zai hana "'yan dagaji"? Masu labarin wasanni sun riga sun saba wa mutane da ita, kowa ya san gasar 'yan dagaji ta waɗanda ba su zama ƙwararru ba ce. Kiɗan rok na 'yan dagaji.

Ɗan Damagaram: Wannan zan gane shi ko ba bayani.

Ɗalibi: Ba raini a ciki? Wasu ai sun yi suna. Na karanta cewa "96 Tears" ta wasu samari 'yan asalin Meziko a jihar Michigan ta zo ta ɗaya a Amurka a 1966.

Baba Mai Faifai: Gaskiya ne, da ɗan fiyanon lantarkinsu mai ƙara siririya. Amma ko sunan Turancin ba su suka sa wa kansu ba. A lokacin su dai rok suke yi. Sai a farkon shekarun 1970 marubuta suka waiwaya suka ware su, musamman bayan Lenny Kaye ya tattara waƙoƙi 27 a kundin Nuggets a 1972. Kafin nan yawancinsu sun watse, wasu jami'a, wasu aikin soja lokacin yaƙin Vietnam. Da yawa faifai ɗaya suka yi a rayuwarsu. Dagaji bai yi musu ƙarya ba, ya danganta da yadda ta furta shi a iska. Kuma 'yata, in kin sami wuri ki sa Ofege, ɗaliban kwalejin St. Gregory ta Legas da suka fitar da faifansu na farko a 1973. Masu sauraro za su ji cewa 'yan makaranta da jita ba a Amurka kaɗai aka yi su ba.

Tsohon Malamin Hausa: Kalma biyar a wurin da biyu suka isa. Kiɗan rok na 'yan dagaji. Kafin ta gama faɗa an kira sallah. Kuma har yanzu rok na ciki. Kiɗan soro ya fi shi a kowane ma'auni, nan da shekara goma za ku dawo kansa.

Mai Fassara: Sau ɗaya za ta faɗi cikakken, daga nan "rok ɗin dagaji".

Tsohon Malamin Hausa: Wannan "ɗin" shi ne shaidar baƙo ne. Kalmar gida ba ta neman sanda kafin ta tsaya.

Ɗan Damagaram: Muna cewa fensir ɗin yaro, Malam, ba wanda ya taɓa mayar da fensir.

'Yar Rediyo: Na gode muku duka. Dole in tsaya nan don in miƙa. Ga abin da na rubuta:

"Masu sauraro, barkanmu da dare, ga Tsohuwar Zuma, filin waƙoƙin yayi na da. Za mu fara da kiɗan rok na 'yan dagaji, wanda samarin Amurka suka ƙirƙira a ɗakunan ajiye motocin iyayensu a shekarun 1960. Za ku ji jita na gurnani, za ku ji murya na tsagewa, wani wurin ma za ku ji kuskure. Ku ƙara sauti, haka suka yi shi."

Malam, a cikin bayanin ɗakin zan ce ya yi kama da soro ko zaure a gidajenmu, domin hoton da ka kawo zai taimaki mai sauraro. A matsayin suna dai ban ɗauka ba.

Tsohon Malamin Hausa: Dagajin Hausa ce, ba ni da ja a kanta. Rok ban yarda ba, kuma a nawa rubutun kiɗan soro zan ci gaba da sawa. Gyara ɗaya: "ƙirƙira" ta yi musu yawa tunda kwaikwayo suka fara da shi, ki ce "suka riƙa yi". Ƙarfe nawa ne shirin?

'Yar Rediyo: Tara zuwa goma, Malam. Na gyara.

Bakanike: Saura wannan gurnanin na jita. Baba ya taɓa gaya mini ɗan akwati ne ake takawa da ƙafa, Gibson suka fara sayar da shi a 1962, wasu kuma lasifikar suke tsagawa da reza don ta ba da wannan ƙarar. Shi me za a ce masa?

'Yar Rediyo: A wannan makon gurnani zan ce. Ku bar mini shi sai bayan Alhamis.