Wane turbo ya dace da injin SR20DET da aka sake haɗawa?

Mai S14 ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, domin na kai matakin da kuskure ɗaya zai iya cinye wahalar wata takwas. Motata Nissan Silvia S14 ce mai injin SR20DET, lita 2 da silinda huɗu, wanda na sauke na sake haɗawa tun daga ƙasa. Na sa fistin na bugu maimakon na zubi, da kwanrod na bugu, na sa gaskit na ƙarfe, na kuma bar ma'aunin matsin silinda a kan 8.5 da 1 kamar yadda kamfani ya yi shi. Turbon T28 da motar ta zo da shi, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji ƙarin iska, ya gaji, farfelarsa tana wasa idan aka taɓa ta da yatsa, kuma ba na son in mayar da tsohon abu kan sabon inji.

Burina ƙarfin doki 350 ne a karanshaf, ba fiye da haka ba. Motar ta hawan yau da kullum ce, sai dai lokaci-lokaci nakan shiga filin tsere mai yawan kwana. Da farko hankalina ya rabu tsakanin Garrett GT2860RS da GT2871R, sai wani abokina ya kawo mini GT3582R da ya cire daga tasa motar, yana cewa in karɓa da sauƙi, wai gara ya yi yawa da ya yi kaɗan, idan na so ƙarin ƙarfi nan gaba ba sai na sake saye ba. Maganar ta shige ni, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin akwai illa idan na ɗaura babban na rage masa matsi? Kuma bayan turbon kansa, waɗanne kaya ne dole in canza tare da shi?

Tsohon makanike ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka gode wa abokinka da kyau, ka mayar masa da kayansa. Zan faɗi dalili da lissafi, domin kada ya zama ra'ayina kawai ka bi.

Ba da girman ido ake zaɓen turbo ba, da yawan iskar da injin zai shaƙa ake zaɓensa. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke fara lissafi da ita ita ce, injin fetur yana bukatar kimanin laba ɗaya ta iska a minti domin kowane doki goma. Doki 350 ke nan laba 35 a minti, wato kusan kilo 16. Injinka mai lita 2, idan yana zagaye 7,000 a minti, zai haɗiye wannan adadin ne da matsin iska na wajen bar 1.2 (bar ma'aunin matsi ne), muddin intakula, na'urar da ke tsakanin turbo da inji, tana sanyaya iskar yadda ya kamata. Idan ka haɗa da matsin iskar sarari, ka kuma ƙara ɗan abin da ke ɓacewa a cikin intakula da bututu, ninkin matsin da kwamfaresa, ɓangaren turbo mai matse iska, za ta yi zai kama 2.3 ko kusa da haka. Waɗannan lambobi biyu, 35 da 2.3, su za ka ɗauka ka je kan taswirar kwamfaresa da kamfani yake bugawa ga kowane turbo, ka ɗiga alama a inda suka haɗu.

Alama ɗaya ba ta isa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Sai ka sake lissafin a zagaye 3,500, inda motar hawa take yin yawancin rayuwarta. A can injin ba ya shan fiye da laba 17 ko 18 a minti a wannan matsin. Taswirar tana da iyaka biyu. Ta hagu ita ce inda iskar da ke wucewa ta yi kaɗan ga matsin da ake nema, sai ta fara komawa baya ta kan farfela, ka ji turbo yana tari, wanda hakan duka ne a kan boris da sandar tsakiya. Ta dama kuma ita ce inda turbo ya ƙure, yana ta gudu amma zafi kawai yake ƙara wa iskar. Abin da kake so shi ne alamominka biyu su faɗa tsakanin iyakokin nan, kusa da tsakiyar taswira inda ingancin kwamfaresa ya haura kashi 70 cikin ɗari.

Lambobi biyu na ƙarshe a sunan waɗannan turbo faɗin farfelar iska ne da milimita: 60, 71 da 82. Mai 82 an yi shi ne domin neman doki 500 zuwa 600, kuma farfelar hayaƙinsa babba ce, tana son hayaƙin da lita 2 ba za ta samar ba sai allurar zagayen inji ta yi sama sosai. Rage masa matsi ba ya rage masa nauyi. Za ka taka totur a fitowa daga kwana, motar ta yi shiru kamar ba ta ji ba, sai can ƙarfin ya zo gaba ɗaya lokacin da ka kusa canza giya, tayoyin baya su ƙwace. Mai 60 kuwa yana farkawa da wuri, yana da daɗin tuƙi ƙwarai, amma laba 35 bakin iyakarsa ce, za ka riƙa aiki da shi a gefen dama na taswira. Bambancin ba ƙarami ba ne: iskar da ta shiga da zafin digiri 30, idan aka matsa ta zuwa 2.3 da inganci kashi 72, tana fita da kusan digiri 140, amma idan ingancin ya sauka zuwa kashi 60 sai ta haura 160. Iska mai zafi ita ce uwar ƙwanƙwasar inji, wato fashewar fetur ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda, ƙwanƙwasa kuma ba ta jin kunyar fistin na bugu.

Saboda haka ni GT2871R zan zaɓa maka. Yana kai ka 350 ba tare da ya ƙure ba, kuma bakin da ake ɗaure shi samfurin T25 ne, irin na manifol ɗinka, wato bututun da ke tattaro hayaƙin silinda zuwa turbo.

Direban fili ya amsa:

Na yarda da abin da babanmu ya faɗa game da babban turbon, ba ni da abin ƙarawa a kai. Inda zan ɗan saɓa masa shi ne kan mai 60. Idan filin da kake shiga mai gajerun kwanoni ne, ka tambayi kanka da gaske ko doki 350 kake so ko mota mai amsawa da zarar ka taɓa totur. Na tuƙa mai 60 da mai 71 a kan inji irin naka, kuma na fi sauri da ƙaramin a wajen doki 320, domin ƙarfin yana hannuna tun daga tsakiyar kwana. Lambar da ake gani a kan na'urar gwajin ƙarfi ta ƙololuwa ce kawai, ba ta nuna abin da ke faruwa a zagaye 3,000.

Idan ka tsaya kan mai 71, to ka kula da gidan farfelar hayaƙi, domin yana zuwa da ma'aunin A/R, wato girman hanyar hayaƙi a cikin gidan, iri biyu, 0.64 da 0.86. Ƙaramin yana matse hayaƙi ya ƙara masa gudu, turbo ya tashi da wuri, amma a sama yana tare numfashin inji, zafi ya taru a manifol. Babban yana jinkirta tashi, ya buɗe hanya a sama. Ga burinka 0.64 ya fi dacewa.

Abu na biyu shi ne westiget, ƙofar da ke karkatar da hayaƙi ya kauce wa farfela idan matsi ya kai inda aka saita. Mai 60 da mai 71 duka suna da ita a ciki, kuma ta wadatar a mafi yawan lokuta. Sai dai idan ka sa salansa mai faɗin inci uku wadda ba ta tare komai, hayaƙi yakan fi son bi ta farfela, ramin ƙofar ya kasa kwashe rarar, sai ka ga matsi yana hawa da kansa a sama ko da ƙofar a buɗe take. Maganinsa a faɗaɗa ramin kafin a ɗaura. Sifirin ɗin ƙofar kuma ka zaɓi wanda bai gaza rabin matsin da kake nema ba. Ga bar 1.2, na 0.7 ko 0.8 ya yi, na'urar saita matsi ta cika sauran.

Mai S14 ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sauko da taswirorin uku na ɗiga alamomin kamar yadda aka koya mini, kuma a kan ta babban turbon alamar zagaye 3,500 ta faɗa dab da iyakar hagu. Na mayar wa abokina da shi jiya. Zan tafi da mai 71 da gida 0.64. Saura batun baƙin mai da fetur: tsofaffin bututun T28 za su yi, kuma nozul ɗin fesa fetur da motar ta zo da su za su ɗauka?

Mai saitin inji ya amsa:

Malam, nozul ɗin S14 masu cc 370 ne, ba za su kai ko kusa ba. Doki 350 a silinda huɗu yana bukatar wajen cc 630 kowanne, idan ana so kada su wuce kashi 80 cikin ɗari na lokacin buɗewarsu. Masu 550 da mutane suke yawan sawa za su yi aiki sama da kashi 90, ba su bar maka wurin numfashi ba, don haka ka nemi masu 740. Famfon fetur ma ka canza zuwa mai lita 255 a awa. Na'urar auna iskar da ke bayan filta ita ma tana ƙurewa kafin wannan ƙarfin, shi ya sa masu SR20DET suka daɗe suna sa ta Nissan 300ZX Z32, ko su koma kwamfutar inji mai auna matsi kai tsaye daga manifol ɗin shigar iska. Duk wanda ka zaɓa, kada ka taka motar da ƙarfi kafin a saita kwamfutar a kan na'urar gwaji, ana kallon ma'aunin iska da fetur, ana kuma sauraren ƙwanƙwasa. Ƙaramar intakular gefe da kamfani ya sa ita ma ba ta wannan aikin ba ce, sai babba ta gaba.

Batun baƙin mai shi ne wanda na fi so ka saurara, domin a nan na taɓa yin asara da hannuna. Harafin R a sunan turbonka yana nufin boris mai ƙwallaye ne a cikinsa, irin wannan kuma mai kaɗan yake so. Kamfanin Garrett na ba da shawarar matsin mai na wajen psi 40 zuwa 45 (psi shi ma ma'aunin matsi ne) a bakin turbo idan inji yana ƙololuwar gudu, shi ya sa ake sa mahaɗi mai ɗan rami kamar milimita ɗaya a bututun shiga. Amma bututun fita ya fi na shiga muhimmanci, domin babu famfon da ke tura man ya koma, nauyinsa ne kawai yake saukar da shi, kuma yana fitowa ne da kumfa. Dole bututun ya zama mai faɗi, ya gangara ba tare da ya kwanta ko ya lanƙwashe ba, ya kuma shiga inji a saman inda mai yake tsayawa.

Shekarun baya na ɗaura sabon turbo a motata, kwana uku sai shuɗin hayaƙi ya fara fita duk lokacin da na tsaya. Na cire bututun iska na ga mai yana sheƙi a bakin kwamfaresa, na ɗauka turbon ne maras kyau, har na kusa mayar da shi. Da na shiga ƙarƙashin motar da tocila sai na ga tiyon fitar mai ya jingina da manifol, zafi ya tausasa shi, ya naɗe kamar gwiwa. Man ya rasa hanya, ya cika gidan tsakiya, ya tsallake zoben da ke tare shi zuwa ɓangarorin biyu. Tiyon da bai kai tsawon hannu ba ya sa na wanke intakula da dukan bututu, na kuma sake sauke turbon. Tsofaffin bututunka sun sha zafi shekara da shekaru, wataƙila akwai gawayin mai a cikinsu, kada ka mayar da su.

Ka haɗa bututun ruwa ma, kada wani ya ce maka ba dole ba ne. Hayaƙin injin fetur yana kai digiri 900, kuma bayan ka kashe mota wannan zafin yana ratsowa daga gidan hayaƙi zuwa boris, ruwan ne yake ci gaba da zagayawa da kansa yana kwashe shi. Ranar tayarwa ta farko, ka ɗura mai mai tsabta ta bakin shiga kana juya farfela da yatsa, sannan ka cire fiyus ɗin famfon fetur ka yi ta ba ta sitata har fitilar mai ta mutu. Bayan haka ka mayar da fiyus, ka tayar, ka bar ta a silo na wasu mintuna kana duba kowane mahaɗi da farin tsumma.