Windows 7 a shagon buga takardu: antibirus ta isa?

Mai Fotokopi:
Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu kusa da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kwamfuta huɗu, duk Windows 7. Ɗalibai na kawo aiki a kile (USB), wasu kuma nan suke buɗe imel. An ce Microsoft ta daina kula da ita. In na sa antibirus mai ƙarfi, ai shi ke nan ko?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. A'a, da sauran aiki. Tun 14 ga Janairu 2020 aka daina fitar wa Windows 7 gyaran tsaro. Antibirus mai gadi ce a bakin ƙofa, toshe ɓarakar katanga ba aikinta ba ne. Ranar Talata ta biyu a kowane wata Microsoft na gyara sababbin Windows, masu kutse su bi gyaran su gano inda ramin yake. Sau da yawa ramin nan yana cikin Windows 7 ma, ba mai toshe shi.

Dubi cutar kwamfuta WannaCry a watan Mayu 2017: ta SMBv1 (tsohuwar hanyar raba fayiloli tsakanin kwamfutoci) ta shiga, ƙofar sadarwa ta 445, ba sai mutum ya danna komai ba. Ta kulle fayiloli, har aikin asibitoci ya tsaya a Ingila. Lokacin akwai gyara tun watan Maris, sakaci ne ya ci mutane. In irinta ta ɓullo yau, kai ba gyaran da za ka jira. Chrome, manhajar shiga intanet, ma a zubi na 109 ya tsaya maka, ga shi da shi ɗalibai ke shigar da kalmar sirri.

Hajiya Mai Gyara:
Ɗan'uwa, raba aikin. Biyu ka cire musu waya da wifi, su zama na bugawa kawai. A buɗe wa abokan ciniki asusu marar ikon admin, don cutar nan ta kile mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi (shortcut) a madadinsu tana bin duk na'urar da aka soka. Kashe Remote Desktop (sarrafa kwamfuta daga nesa), ƙofa ta 3389, nan ramin tsaron BlueKeep na 2019 yake. Kashe SMBv1 ta regedit, manhajar gyara saitin Windows na ciki: ƙarƙashin LanmanServer\Parameters ka ƙirƙiri sabon saiti nau'in DWORD mai suna SMB1, ka ba shi 0, ka sake kunna na'ura. Amma ka sani, tsofaffin injinan fotokopi da shi suke tura sikan cikin kwamfuta, zai iya daina zuwa.

Biyun da za su hau intanet, sa musu Linux Mint 22 a madadin Windows, tana samun gyara har 2029. Tana son 64-bit, RAM kuma 4GB ya fi daɗi. Gwada ta daga kile tukuna, ka ga ko ta gane firintarka.

Ɗan Gobir:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai LibreOffice, madadin Word da ke zuwa da Linux Mint, kan gurɓata tsarin shafukan Word, kundin ɗalibi kuwa ba ya son haka. Ka ce su riƙa kawo PDF. Kada kuma a sayar maka da Windows 10 a ce mafita ce, ita ma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoba 2025. In za ka sayi kwamfuta ta hannu, buga tpm.msc gaban mai sayarwa don ganin ko tana da guntun tsaro TPM: Windows 11 na neman TPM 2.0 da Intel zubi na 8 ko sama.